Mai jinya ma majinyaciya ce

Shekara biyu ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya dawo daga sallar asuba, Mama ta miƙa masa kofin shayi, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Mu kuwa muka kama hayaƙi da tofi, wai shafar aljani ce, sai washegari aka kai shi asibiti. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa dama ta mutu har da harshe, kuma allurar da ke narkar da gudan ba a yin ta in an wuce awa huɗu da rabi. Jama'a, ai ana iya yin addu'ar a cikin mota.

Amma yau a kan Mama zan yi magana.

Duk bayan awa biyu sai ta juya shi, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu. Kunu cokali-cokali take ba shi, a zaune ta tokare shi da filo, saboda in ya ƙware abincin na iya faɗawa huhu. Ga wankin zanin gado kullum. Ta bar zuwa biki da suna, ta fita daga adashe, keken ɗinkinta ya yi ƙura. Shi kuma Baba, mutumin da ya yi shekara talatin yana ciniki a Kantin Kwari, yau sai ka ga hawaye na zubo masa haka kawai, gobe ya ture kwanon abinci. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi daga wannan ciwo suna faɗawa ciwon damuwa, kuma duk ɓacin ran a kan na kusa yake sauka.

'Yan dubiya su shigo da ledar lemo da ayaba. "Ya mai jiki?" "Da sauƙi, alhamdulillahi." Minti goma sun tashi. Da za ta ce ta gaji, amsar a shirye take: "Haƙuri za ki yi Hajiya, aljannarki ce." Gaskiya ne akwai lada, amma wa ya ce ita kaɗai ke buƙatar ladan? Mu 'ya'ya maza mun fi kowa laifi, har da ni. Mu tura kuɗin magani ta waya, mu kwanta da minshari, wai mun fita haƙƙi.

In da gaske dubiya ka zo, karɓi kwana ɗaya. Ko ka ɗauki mai jikin zuwa asibiti wurin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, don a watanni uku zuwa shida na farko aka fi samun dawowar gaɓoɓi. Ko ka tura shi a keke zuwa majalisarsu ya ga abokansa. Kuma don Allah a daina zancensa a gabansa kamar ba ya wurin, Baba yana jin komai.

Watan jiya mun kai shi asibiti, nas ta kalli Mama ta ce, "Hajiya, kawo hannunki ke ma." Awon hawan jininta ya haura 140/90 nesa ba kusa ba. Hawan jinin da ya kayar da mijinta ne yake bin ta a hankali, ba wanda ya lura. Abin da ta fara cewa shi ne, "Kada ku gaya wa Babanku."

Yanzu daren Alhamis da na Lahadi nawa ne. Ranar da na fara kwana, Mama ta yi sallar asuba ta koma, ba ta farka ba sai da hantsi ya dubi ludayi.