Tawadar Allah ta Gwaggo da kuɗin wata-wata

Duk wanda ya taɓa shiga neman manhajar gyaran hoto ya san inda ake cijewa: shafin biyan kuɗi. A gefe guda ga ɗan kuɗin da ba zai hana ka barci ba, amma an rubuta "kowane wata" a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe. A ɗaya gefen ga kuɗi mai kauri da za ka zube falan ɗaya, a ce maka manhaja ta zama taka har abada. A nan na tsaya, na kuma daɗe a tsaye har yaran da ke cikin hotunan da nake son gyarawa suka ƙara tsawo.

Wanda ya jefa ni cikin wannan hali wani mutum ne a intanet, mai magana da ƙarfin zuciya, da ya ce duk mai kyamarar kirki da ke ɗaukar hoto a JPEG, wato tsarin hoton da aka saba turawa a waya, asarar rabin kuɗinsa yake yi. Ban yi wata-wata ba na shiga saitin kyamara na juya ta zuwa RAW, na ɗauke dangi kaf ranar da aka taru a gida. Abin da mutumin bai tsaya ya faɗa ba shi ne, RAW ɗanyen abin da sensa, wato idon da ke kama haske a cikin kyamara, ta kama ne, ba a daidaita masa launi ba, ba a ƙara masa kaifi ba, ga shi da nauyin tsiya. Sai ya bi ta cikin manhaja kafin ya zama hoton da za a tura wa mutum ya buɗe a wayarsa. Dangi suka fara tambaya, ni kuma na fara cewa ana kan aiki.

Mashawarta biyu na samu, kuma da na san haka za su yi da ban haɗa su zama ɗaya ba. Ƙanena ɗan biyan wata-wata ne na a-mutu.

"Yaya, duniya ta wuce nan," in ji shi. "Tun 2013 Adobe, babban kamfanin manhajojin gyaran hoto, ta daina fitar da sabon Photoshop na saye. CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe. Ɗayar manhajarsu, Lightroom, ma na 6, wanda ya fito a 2015, shi ne auta. Ka biya kaɗan-kaɗan, duk abin da suka ƙirƙiro ya same ka har ɗaki."

Abokina, wanda ya fara ɗaukar hoto tun zamanin da ake wanke fim, ya girgiza kai. "Malam, kada ka biye wa yaro. Wannan zaman haya ne. Ranar da ka kasa biya a garƙame ƙofa da kayanka a ciki. Sayi naka, ko da ɗaki ɗaya ne." Ya shiga lissafo min: ga DxO PhotoLab na Faransa, biya ɗaya, ga Capture One, da ke ba ka zaɓi tsakanin biyun, ga Affinity Photo da kamfanin Serif na Ingila ya fitar a 2015, wanda ya tara mabiya saboda ba ya tatsar kowa duk wata.

Ƙanena ya bari sai da ya gama, sannan ya tambaye shi cikin ladabi ko wa zai gyara rufin ɗakin in ya fara yoyo. Ya tuna masa 2019, lokacin da Apple ta fitar da sabon tsarin kwamfutocinta, macOS Catalina, ta daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32, mutane suka wayi gari da lasisin har abada a hannu amma abin ya ƙi buɗewa. Ya ƙara da cewa Affinity ɗin ma kamfanin Canva ya saye shi a 2024, a 2025 kuma ya mayar da shi kyauta. Abokina ya ce wannan ai hujjarsa ce, ƙanena ya ce tasa ce. Na bar su a nan na shiga ɗaki da biro da takarda.

Ni mutum ne mai ji da lissafi. Na raba kuɗin sayen da kuɗin wata, na samo adadin watannin da in na wuce su mai saye ya fara cin riba. Sai na tuna mai saye ma yakan sake biya in sabon fita ya zo, na sake lissafi. Sai na tuna mai biyan wata-wata ana iya ƙara masa farashi, na sake. Na sa kuɗin ma'ajiyar intanet da ake haɗawa da wata-wata, na cire shi saboda ba na buƙata, na maido shi saboda wa ya san gobe. Takarda ta cika gaba da baya. Uwargida ta leƙo, ta daɗe tana kallon layukan, sannan ta ce, "Abban yara, wai sau nawa za ka riƙa buɗe abin nan a wata?"

Na ce mata wannan ba ya cikin lissafi.

Daga ƙarshe na yanke shawara irin ta masu hikima: zan ɗanɗana kowanne. Ban je wajen manyan da aka ambata ba. Na samo wasu kamfanoni biyu na daban, waɗanda ba zan kira sunansu ba don har yanzu muna gaisawa. Na farkon yana ba da gwajin kyauta na 'yan kwanaki, sharaɗinsa kawai ka shigar da lambar katin banki. Ya nuna min tsari biyu na wata-wata, ɗaya ya fi ɗaya araha, na danna mai arahar. Wane mai hankali ne zai danna mai tsadar?

Gaskiya manhajar ta iya aiki. Na buɗe babban hoton dangi, wanda kowa ke jira, na ja wani ɗan maɓalli sai ga fuskokin da inuwa ta cinye sun fito tas. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rufe ido daidai lokacin da aka ɗauka, sai na ɗebo buɗaɗɗun idanunta daga hoto na gaba na ɗora a wata leya, wato wani shafi daban da ake shimfiɗawa a kan hoton, suka zauna daram. Daga nan hannuna ya buɗe. Akwai wani burushi da in ka taɓa tabo da shi sai ya duba fatar da ke kewaye ya shafe tabon da ita. Na bi fuskokin dangi ɗaya bayan ɗaya ina taɓawa. Ƙuraje suka tafi, zufa ta tafi, wani ɗan ɗigon baƙi a kumatun Gwaggo na hagu, wanda na ɗauka ƙura ce a kan sensa, shi ma ya tafi. Na haskaka ta, na gyara mata wuya, na fitar da hoton a JPEG na ajiye, ina jin kaina.

Ana cikin haka kamfani na biyu ya yi ragi, maganar abokina ta dawo min, na zube kuɗi na sayi tasu falan ɗaya. Na kwanta da daɗin cewa na fita daga sahun masu biya duk wata. Ba a jima ba waya ta yi ƙara da asuba: an cire kuɗin wata na farko daga kamfani na farko. Gwajin kyauta ya ƙare cikin dare, shiru, ba sallama.

Na garzaya shafin sokewa. A nan na fahimci dalilin arahar tsarin da na danna: alkawarin shekara guda ne da ake biya wata-wata, kuma in ka ce za ka fita kafin lokaci sai ka biya wani kaso na abin da ya rage. An rubuta hakan tun farko, ba su ɓoye ba, sai dai da irin baƙaƙen da sai mai gilashi biyu zai karanta. Na sake ɗauko biro. Lissafi ya nuna fita asara ce, zama ma asara ce, amma mai zama aƙalla yana da manhaja. Na zauna. Mutumin da ya kasa zaɓar ɗaya cikin biyu ga shi da biyun duka.

To, na ce bari in ci moriyar wadda na saya. Na buɗe fayil ɗin hoton dangi a cikinta, sai ta nuna min ɗanyen hoton nan na farko, mai duhu, Gwaggo ido rufe. Ashe irin wannan gyaran ba a jikin hoton yake zama ba. Jerin umarni ne, ƙara haske kaza, rage ja kaza, shafe nan, ɗora can, da manhaja ke ajiyewa a gefe cikin nata tsarin, kuma kowane kamfani da irin nasa. Wannan ba ta jin na waccan. In kana son tafiya da aikinka sai ka fitar da shi a matsayin gamammen hoto, TIFF ko JPEG, a daskare, ba ka da damar komawa ka warware mataki ɗaya.

Har abadan ma bai yi nisa ba. Kyamarata ta samu matsala na canza wata sabuwar fita, sai manhajar da na mallaka ta ce ba ta san wannan RAW ɗin ba. Kowace kyamara da yadda take rubuta nata, dole sai an koya wa manhaja, su kuma sun koya wa sabon fitarsu ne kawai, wanda ake saye daban, da ragi na musamman gare ni a matsayina na tsohon abokin ciniki. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Abokina ya cece ni da dabarar juya hotunan zuwa DNG, wani tsarin RAW na bai-ɗaya da Adobe ta fito da shi a 2004, mai manhajar juyawa ta kyauta. Ta yi aiki, sai dai yanzu kowane hoto ya zama biyu, kwamfuta ta fara kukan ciki ya cika. Na leƙa wasu manhajojin, GIMP da darktable, waɗanda kyauta ne tun asali, na ga suna da ƙarfi ƙwarai, na kuma ga cewa koyon manhaja ta uku ya fi ƙarfin shekaruna.

Haka na yi ta biya har shekara ta zagayo. Wasu watannin ban buɗe manhajar wata-watan ba ko da kuskure, amma saƙon cire kuɗi bai taɓa makara ba, kuma uwargida ba ta taɓa cewa komai ba, kallo kawai. Ranar da wa'adi ya cika na tashi da wuri. Shafin ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ya ba ni ragi, na ƙi. Ya ce zai yi kewata, na ce Allah ya ba shi haƙuri. Na soke. Na wanke babban hoton dangi, aka sa shi a firam, na kai wa Gwaggo da kaina.

Ta riƙe shi nesa, ta matso da shi kusa, ta sa gilashi.

"Kai, ɗan nan, wace ce wannan?"

"Ke ce mana, Gwaggo."

"To ina tawadar Allah tawa?" Ta ɗora yatsa a kumatunta na hagu. "Da ita aka haife ni. Da ita ubanka yake gane ni a cikin taro. Kai ne za ka goge abin da Allah ya ɗiga?"

Na ce mata aikin minti ɗaya ne. Na koma gida na buɗe manhajar da na saya, na yanko ɗigon daga ɗanyen hoton na manna a kan wanda na gyara. Ya taho da tsohuwar fatar da ke kewaye da shi, mai duhu, ya zauna a kumatun da na haskaka ya zama faci. Na goge, na ɗauki burushi na ɗiga sabo da hannuna, na tura mata ta waya. Amsa ta dawo ta bakin jikarta: Gwaggo ta ce a kore mata ƙudan da ya sauka a fuskarta.

Ɗigon gaskiyan yana nan lafiya lau, a ƙarƙashin leya ɗaya, cikin fayil ɗin da manhaja ɗaya tak a duniya take iya buɗewa yadda na bar shi. Na zauna gaban kwamfuta na daɗe. Sannan na ɗauko katin banki. Wannan karon na danna mai tsadar, na wata ɗaya zalla, shafin kuma ya tarbe ni da "barka da dawowa". Na buɗe fayil, na kashe leyar da dannawa ɗaya, tawadar Allah ta koma mazauninta.

Gwaggo ta duba sabon hoton ta gyaɗa kai. "Yauwa, yanzu na ga kaina. Wuyan dai ka bar shi yadda ka yi, kada ka taɓa." Ta miƙa wa jikarta firam ɗin ta rataye, sannan ta juyo. "Kuma kada ka rufe abin nan naka tukuna. Na gaya wa ƙawayena, za su aiko da nasu wata mai zuwa."