Shamuwa ta dawo sau uku, ni ban dawo ba

Jiya na sha kunya, kuma har yanzu ba ta sake ni ba, shi ya sa nake rubuta wannan.

Na je gaida Kawuna, yayan mahaifiyata. Bayan la'asar ya ce in raka shi bayan gari ya miƙe ƙafa. Tafiyar tsoho ce, yana dogara sanda, yana tsayawa yana huci. Da muka iso gindin wata tsamiya sai ya ɗaga sandar ya nuna sama. Sheƙa ce ta ƙirare, ga shamuwa biyu a kai, baƙin baya, farin ciki, ɗaya na gyara kara da baki. Ya ce, "Ɗana, ka ga waɗannan? Wannan zuwansu na uku ke nan tun rabonka da gidan nan." Bai ƙara komai ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Shamuwa fa ba kusa take zuwa ba. Damina na ƙarewa take tashi, ta nausa gabashi da kudancin Afirka, ta bi ruwa tana cin fara da tsutsa, sannan ta juyo daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Ba ta da mota, ba ta da wayar da za ta nuna mata hanya. Ni kuwa tafiyar rabin yini ce tsakanina da tsohon nan, amma shekara uku ina cewa "sai na samu sarari". Wane sarari? Na samu na biki, na samu na kallon ƙwallo har tsakar dare, na samu na musu da mutanen da ban taɓa gani ba a Facebook.

Kada ka ce ai kana kira. Ni ma ina kira, minti biyu, "Kawu ya jiki, Allah Ya ƙara lafiya", in kashe. A waya ban san idonsa na hagu ya yi hazo ba. A waya ban san ya daina zuwa masallacin Juma'a da ƙafa ba. Duk lokacin da na tambaya, "da sauƙi" yake cewa, kuma haka dukkansu suke cewa. Ba banza aka ce zumunta a ƙafa take ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda yake lissafin shekara da abin da ke gabansa. Ya nuna min gawo, ya ce in duba, kowace bishiya na sabon ganye, shi kuwa yanzu yake kaɗe nasa, sai rani ya yi kore shar lokacin da saura suka bushe. Ya ce ruwan farko na sauka shinge zai fito, kwaɗin da suka yi shiru tun bara su cika dare da kuka. Da kaka belbela za ta yi ta bin sawun shanu tana cafke ƙwarin da suka tayar. Ya yi maganar tsattsewa ma. Wasunsu daga Turai suke ƙetaro Sahara, tsuntsun da nauyinsa bai wuce kamar giram 20 ba. Kowanne ya ambata sai ya ce "Subhanallah", a hankali, kamar da kansa yake magana. Ni da nake karanta Tabaraka kusan kullum, ina wuce aya ta 19 da ke tambaya ko ba su ga tsuntsaye a samansu ba, na manta rabon da in ɗaga kai.

Kuma ko a wajen, Allah Ya yafe min, sau biyu hannuna ya shiga aljihu. Ya gani. Ya ce, "Duba abinka, ina jira." Tsoho mai sanda, a tsaye, yana jiran in gama karanta saƙon da ba shi da amfanin komai!

'Yan'uwa, ku ji tsoron Allah game da tsofaffinku. Gwaggon nan da ta goya ka, yaushe rabonka da ita? Kakar da kike cewa surutunta ya yi yawa, wa ke zama ya saurare ta yanzu? In an yi rasuwa dukkanmu muna samun kuɗin mota da hutun kwana uku, har mu fi kowa kuka. Me ya hana a kashe kwana ɗaya daga ciki tun mutum yana iya gane fuskarka?

Kada ka ce shi ma bai taɓa zuwa wajenka ba. Annabi (SAW) ya riga ya faɗa mana cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba.

Da zan tafi Kawu ya riƙe hannuna ya ce in dawo kafin 'ya'yan shamuwar su fara tashi, in zo da yara su gani. Na ce in sha Allahu, muryata na rawa.

Don Allah ku je. Kada ku jira salla, kada ku jira a bugo waya da asuba. Ku je wannan makon.