Mako Uku Ina Auna Kwale-kwale

Uwargida ta ce a nemo ƙaramin kwale-kwale na alminiyum, mu riƙa fita shan iska da yara a tafki. Magana ɗaya ta yi ta wuce. Ni ne na mayar da abin karatun digiri.

Biyu na tarar a wurin dillali, kamar an tsaga kara: kowanne tsawon ƙafa 14, benci uku, fenti iri ɗaya. Bambancin yana ƙasa. Ɗaya gindinsa shimfiɗe yake kamar faranti. In ruwa na kwance, ko rawa ka taka a ciki ba zai yi tangal-tangal ba, amma da igiyar ruwa ta taso sai ya dinga marinta har haƙoranka su haɗu. Ɗayan mai tsinin ciki ne, siffar harafin V, yana yanka ruwa sumul, sai dai in yana tsaye yaro ya leƙa gefe, shi ma sai ya karkata ya taya shi leƙe. Mai farantin walda aka yi masa, kaurin jikinsa inci 0.080. Mai tsinin da ƙusoshi aka haɗa shi, inci 0.063, bai kai wancan nauyi ba.

Littafi sabo na saya na ja layi a tsakiya. Sau shida ina komawa da tef ɗin awo, ina ƙwanƙwasa musu ciki ina kara kunne kamar likita. Na gano ɗan allon da ke manne a baya, wanda ke faɗin yawan mutane, iyakar nauyi da ƙarfin injin da jirgin zai ɗauka. Na dawo gida na ɗora yara a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Da na juyo kan uwarsu, kallo ɗaya ta yi min, na rubuta lambar da zaman lafiya ya yarda da ita.

Har dillalin na koyar: bangon baya in tsayinsa inci 15 ne, inji mai gajeriyar ƙafa ake ɗaura masa, in 20 ne sai mai doguwa. Bawan Allah shekara da shekaru yana wannan sana'a, amma ya gyaɗa kai.

Mai tsinin na ɗauka. Ranar biya ya miƙo min takardu da wani ɗan abu na roba mai kan tagulla. "Yallaɓai, kafin ka sa shi a ruwa..."

"Malam, ni za ka koya wa?" Na zuba komai a aljihu.

Ranar fita kowa ya sa rigar ceto. Muna shiga na murɗa inji, jirgi ya ɗaga hanci ya miƙa. Ina ta bayani kan yadda V ke yanka ruwa, ba mai saurarona. A tsakiyar tafki na kashe inji don a ji shiru.

"Baba, takalmina na iyo," in ji Auta.

Na duba. Ruwa ya rufe idon sawu.

"Ƙusoshin nan ne!" na ce. "Dama a shafi na tara na rubuta, walda ta fi." Na durƙusa ina bin ƙusa ɗaya-ɗaya da yatsa, Babba na kwalfa da hulata, Uwargida na salati. Durƙuson ne ya sa wani abu ya soke ni a cinya. Na laluba aljihu, sai ga ɗan abin dillali.

Matoshi ne. A ƙasan bangon baya akwai rami na tsiyaye ruwa in an fito da jirgi tudu. Muddin ana gudu ruwan fita yake yi ta nan, da an tsaya sai ya dawo da 'yan uwansa. Rami iri ɗaya ne a jiragen biyu, shi ya sa bai samu gurbi a littafina ba.

Na cusa shi ba tare da na ɗaga kai ba. Uwargida ta tsamo littafin yana ɗiga, ta buɗe shi a hankali.

"Baban Auta, a wane shafi zan sa wannan, na walda ko na ƙusa?"