Ki rubuta naki, ki bar na yarinya

Ƴar ƙanwata tana koyon aikin bai wa ɗalibai shawara, an tura ta gwaji a wani koleji nan Damagaram. Ranar Juma'a da dare an ɗauke kuran, muna zaune a tsakar gida a Birni, sai na ga hasken salula a fuskarta tana ta danne-danne. Na ce da wa ake hira haka? Ta ce, "Kawu, ba da kowa ba. Abin da ya tsaya mini a rai yau nake rubuta wa wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, ita kuma tana yi mini tambayoyi."

Ashe wata ɗaliba ce ta same ta da kuka, za a cire ta daga lakwal a aurar kafin jarabawar BEPC ta kammala koleji. Maimakon ta saurare ta, sai ta rufe ta da faɗa, me ya hana ta buɗe baki a gida. Da ta rubuta wannan, manhajar ta tambaye ta ko yarinyar ta tuna mata da wani. Nan ta yi shiru. Yayarta ce, wadda aka yi wa haka ita tana ƙarama tana kallo.

Ina goyon bayan wannan rubutu. Tun 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai rubuta abin da ke cin ransu, minti 15 a rana har kwana huɗu, aka ga zuwansu asibiti ya ragu. Mai ba da shawara da bai san mikinsa ba, a kan yaran mutane zai huce. A ƙasar da kusan kashi 76 cikin ɗari na mata ake aurarwa kafin shekara 18, irin wannan kuka zai riƙa zuwa ofishinta. Mu kuwa kunya da kara sun hana mu faɗin ciwon rai; ka buɗe baki a ce maka sai haƙuri. Na'ura ba ta cewa sai haƙuri, ba ta kuma kai zance fada wurin shan shayi.

Inda na murtuke fuska shi ne da ta miƙo mini salular. Ga sunan yarinyar, ga ajinta, ga unguwarsu, har da sana'ar mahaifinta. A garin nan, ka ambaci unguwa da sana'ar uba, ai ka nuna ƙofar gida. Rubutun kuma ba a salula yake kwana ba, kwamfutocin kamfani yake tafiya a wata ƙasa, wasu kamfanonin ma da hirar mutane suke ƙara horar da na'urarsu in ba ka hana ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Ko babu doka, yarinya amana ta kawo, ba ta san da na uku a ɗakin ba.

Sai kuma Hausar manhajar, da sauranta. Haushi, takaici da baƙin ciki duk kwano ɗaya take zuba su, alhali wanda ya kasa raba ukun nan bai fara sanin ransa ba. Tana da daɗin baki kuma, da wuya ta ce maka ba ka kyauta ba. Wannan sai malamin da ke duba gwajin, wanda ya ga jiya ya ga yau, ya zauna da mai koyon aikin ko sau ɗaya a mako. Masu horarwa su sa sharaɗi tun ranar farko: abin da kika ji a ranki za ki rubuta, sunan yaro da sirrin gidansu ba sa shiga.

Kafin kuran ya dawo ta goge hirar, ta sake wata babu suna. Ta ce ranar Litinin za ta nemi yarinyar tun kafin a kaɗa ƙararrawa, ta ba ta haƙuri.