Ƙofar da dokar Birtaniya ta bar wa masu ɓoye gidaje a Landan

Tun ranar 1 ga Agusta 2022 da Birtaniya ta buɗe rajistar kamfanonin ƙetare masu mallakar filaye da gidaje a ƙasarta, jama'a da dama a Najeriya suka ɗauka cewa asirin masu jibge dukiya a Landan ya gama tonuwa. Ni ma na so in yarda da haka, domin an daɗe ana jira. David Cameron, Firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi alkawarin wannan rajista a taron yaƙi da cin hanci da aka yi a Landan a watan Mayun 2016, taron da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta, amma sai da Rasha ta afka wa Yukren a 2022 sannan majalisar Birtaniya ta zartar da dokar cikin 'yan makonni. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wani ɗan sashe da aka saka a jerin waɗanda takunkumin dokar bai hau kansu ba, da kuma yadda masu sana'ar da abin ya shafa ke kare shi.

Dokar ta wajabta wa duk kamfanin ƙetare da ya mallaki ƙasa a Ingila da Wales tun daga 1 ga Janairun 1999 ya yi rajista a Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya, ya bayyana duk wanda ke riƙe da fiye da kashi 25 cikin ɗari na hannun jarinsa ko ke juya akalarsa. Wanda ya ƙi, hukumar rajistar filaye ba za ta amince ya sayar da gidan ko ya jinginar da shi ba, kuma sayarwa ta bayan fage na iya kai mutum gidan yari har na shekara biyar. Duk wannan ya yi daidai. Sai dai bankin da aka jinginar wa gidan, ko wakilin da ya naɗa ya karɓi kadarar, yana iya sayarwa ko da kamfanin bai taɓa faɗin sunan mai shi ba. Haka kuma dokar ta bar wa gwamnati damar fayyace yanayin da jami'in da ke rabon dukiyar kamfanin da ya karye zai sayar ba tare da an cika wannan sharaɗi ba.

Hujjar da ake ta maimaitawa ita ce, wai aikin irin wannan jami'i shi ne ya tattara kadara ya biya masu bin bashi, kuma ɗora masa binciken mai gida nauyi ne da ba nasa ba. Wannan magana ba ta da ƙafar tsayawa, domin a duk cikin waɗanda ke taɓa takardun kamfani babu wanda ya fi shi damar sanin gaskiya. Ranar da aka naɗa shi, ana miƙa masa littattafan kamfanin, da bayanan asusun banki, da wasiƙun lauyoyi. Yana ganin asusun da kuɗin sayen gidan ya fito, yana ganin wanda ke biyan harajin ƙaramar hukuma da kuɗin gyaran rufi, yana kuma sanin 'ya'yan wanene ke kwana a ciki lokacin karatu. Dokar karyewar kamfanoni ta 1986 ta ba shi ikon neman kotu ta kira duk wanda ake zaton yana da bayani a kan harkokin kamfanin ya zo ya amsa tambaya. Wata dokar, ita ma ta 1986, ta riga ta wajabta masa aika rahoto kan halayen daraktoci, kuma ana buƙatar ya yi hakan cikin wata uku. Ƙa'idojin hana halatta kuɗin haram na 2017 ma sun haɗa da shi. Mutumin da ke ɗauke da waɗannan duka, ƙarin rubuta suna ɗaya ne zai karya masa wuya?

A wurinmu ma, ko gidan ƙasa mai ɗaki biyu za a sayar, sai an kira mai unguwa, an tambayi maƙwabta na gabas da na yamma, an tabbatar da wanda ya gaji gidan da wanda ke bin mamaci bashi, kafin dillali ya karɓi la'adarsa. Alƙalin da zai raba gado ba ya cewa sanin magada ba aikinsa ba ne. To, yaya za a ce gidan fam miliyoyi a unguwar Hampstead zai sauya hannu ta hanyar da doka ta amince da ita, alhali ba a rubuta sunan wanda ya ci moriyarsa a ko'ina ba?

Haɗarin a fili yake. Mutum zai iya sayen gida da sunan kamfanin da ya yi wa rajista a wani tsibiri, tun da wuri ya jinginar da shi ga wani kamfanin da shi ma a aljihunsa yake, sannan idan zafi ya zo ya bar bashin ya ƙi biyuwa. Mai bin bashi ya naɗa wakili, a sayar da gida, kuɗi su koma inda suka fito ta wata ƙofa. Masu cewa dole a kāre bankuna masu gaskiya ba su kawo sabon abu ba, domin babu wanda ya ce a hana sayarwa. Abin da ake nema shi ne kada a saki ko kwabo ga kamfanin ko ga wani makusancinsa sai an rubuta sunan mai shi a rajista, kuma jami'in da ya ga sunan ya yi shiru ya rasa lasisinsa.

Mun san abin da wannan duhu ya jawo mana. James Ibori, tsohon gwamnan Delta, wanda kotun Southwark da ke Landan ta ɗaure shekara 13 a 2012, gidajen Ingila na cikin inda ya zuba kuɗin jama'a, kuma sai a 2021 aka dawo wa Najeriya da fam miliyan 4.2 daga cikinsu. A gida ma ba mu tsira ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tsara sana'ar masu rabon dukiyar kamfanonin da suka karye, ta kuma wajabta bayyana duk mai kashi 5 cikin ɗari, har hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta buɗe rajistarta a watan Mayun 2023. Amma a Disambar 2024, da EFCC ta sanar da ƙwace rukunin gidaje 753 a Lokogoma da ke Abuja, ta fitar da sanarwar ne ba tare da sunan mai su ba, sai da jama'a suka yi ta surutu. Idan hukumar da ke farautar ɓarayin gwamnati tana jin nauyin ambaton suna, ba za mu sa ran akanta ko lauyan da ake biya daga kuɗin kadarar ya faɗa da kansa ba, sai dai idan doka ta rubuta masa hakan a cikin sharuɗɗan naɗinsa, a Landan da Abuja baki ɗaya.