Wayar Ƙanwata da Alƙawarin Depite

An sake warce wa ƙanwata waya a bakin Kasuwar Dole ta Damagaram, da tsakar rana, tana cinikin tattasai. Yara biyu kan babur, kafin ta ce "ɓarawo!" sun sha kwana. Mai tattasan ko ɗaga kai bai yi ba, abin ya zama jiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tuna depiten unguwarmu. Lokacin kamfe ya tsaya kan mota ya rantse zai kai dokar da za ta samar wa ƴan palais, wato gungun samarin unguwa marasa aikin yi, sana'a, a kuma daina jibge yara a gidan kaso wata da watanni ba a yanke musu hukunci ba. Muka yi ta tafi. Ya tafi Yamai, sai dai mu gan shi a talabijin da babbar riga, har aka rushe majalisar a 2023.

Ga matatar man fetur ta SORAZ nan kusa da mu tun 2011, amma saurayin unguwar Kara-Kara in ya samu kabu-kabu na haya sai ka ce ya ci gado. Wanda ya shiga kaso kan wayar jikka goma kuwa, da sabbin abokai yake fitowa.

Yanzu ƙanwata tawa take ara, kuɗin kiran ma ni ke sawa.