Ranar da malamar ɗana ta ce yana kare kansa da hannu

A nan Suwidin, makarantar renon yara kan kira iyaye lokaci zuwa lokaci a zauna a tattauna yadda ɗansu ke tafiya. Nawa zaman ya faɗo wata Talata a ƙarshen Nuwamba, ƙarfe uku da rabi na yamma, amma a Stokholm a irin wannan wata gari ya riga ya rufa kamar an sallame magariba a Zariya. Na sauko daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Tensta da gudu-gudu, na cire takalmi a bakin ƙofa kamar yadda kowa ke yi. Zauren shiga cike yake da maratayai a jere, kowane da hoton yaro da sunansa, an rataye wandunan roba na wasan ruwa da huluna da safar hannu, ga wata doguwar na'urar busar da kaya tana ta gurnani a lungu, don yaran nan ko ana ruwa ko ana ƙanƙara sai an fita da su waje. Malamar dattijuwa ce, ta kusa sittin, yaran kuma da sunanta tsurarsa suke kiran ta. Ta zuba mini kofi, muka zauna kan 'yan kujerun yara.

Da yabo ta fara. Autana, ɗan shekara huɗu, yana son gine-gine da 'yan katakai, yana ba 'yan'uwansa abin wasa, bakinsa ya buɗe da yarensu. Sai ta ajiye biro ta ce akwai abin da ta lura da shi. Duk lokacin da ta ɗaga hannu da sauri kusa da shi, ko da littafi za ta ɗauko daga kan kanta, sai ya runtse ido ya sa hannu ya kare kansa. Ko na san dalili?

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa ajiye dorina ko tsumagiya a gidana ba. Abin da nake yi bai wuce dunguri ba, da ranƙwashi idan ya ƙi tsayawa a sa masa kaya, wani sa'in ɗan mari a cinya. A wurinmu wa ke lissafa wannan cikin duka? Amma jikin yaron ya lissafa, har wata baƙuwa ta karanta a jikinsa abin da ni uwarsa ban gani ba. Na gaya mata gaskiya. Ita ma ta gaya mini tata gaskiyar, cewa doka ta ɗora wa duk mai aiki da yara nauyin sanar da ma'aikatan jin daɗin jama'a idan hankalinsa bai kwanta da halin da yaro ke ciki ba, kuma za ta sanar. Daren nan ni da Abban yara ba mu runtsa ba, don duk wanda ya zauna ƙasar nan a 2022 ya ji yadda zancen cewa ma'aikatan nan na ƙwace 'ya'yan Musulmi ya cika WhatsApp da bakunan mutane. Bayan 'yan makonni aka kira mu. Mata biyu suka zauna da mu, suka yi tambayoyi, suka ga yaron, suka rufe maganar, suka haɗa mu da wani ajin iyaye. Ba wanda ya ɗaga mana murya.

Mutanen nan ma ba da wannan hali aka haife su ba. Tsofaffin da nake kula da su a wurin aikina, wasu na ba ni labarin yadda aka zane su suna yara. A 1958 aka hana duka a makarantunsu, sannan a 1979 majalisar dokoki ta hana iyaye ma, da ƙuri'a 259, mutum 6 kacal suka ƙi. Ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta yi haka. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka isar da saƙon: aka aika wa gidajen masu yara ɗan littafi, aka buga bayanin a jikin kwalayen madara, yadda uwa da uba da yaro za su gan shi a gabansu suna karin kumallo. Yau ɗan shekara huɗu ya san ba a dukan yara kamar yadda namu ya san ba a cin abinci da hagu.

Ajin da aka tura mu sunansa ABC, zama huɗu ne, kyauta, na iyayen yara 'yan shekara 3 zuwa 12. Mu goma sha wani abu ne, akwai 'yan Somaliya, akwai 'yan Iraƙi, akwai 'yan ƙasa haihuwar nan. Na je ina jiran a koya mini hukuncin da zai maye gurbin ranƙwashi, sai na tarar zaman farko gaba ɗaya kan nuna wa yaro ƙauna ne, na biyu kan ware ɗan lokaci kullum a zauna a yi abin da shi yake so, na uku kan yadda babba zai riƙe fushinsa ya zama abin koyi, na ƙarshe kan zaɓen abin da ya isa a yi rigima a kansa. Raina ya ɗan ɓaci, na ga kamar ana raina mini hankali. Sai da na gwada.

Babban yaƙinmu da safe ne, wajen sa rigar sanyin nan mai haɗe da wando. Da, sai in tsaya a kansa ina duba agogo ina faɗa, shi yana zillewa, a ƙare da kuka. Yanzu minti biyar kafin lokaci nakan gaya masa saura kaɗan mu ajiye wasa. In lokaci ya yi sai in durƙusa, idona daidai nasa, in ce hular ja za ka sa ko shuɗiya? Fita dai babu fashi, amma ya sami wani abu da shi ya zaɓa, sai gardamar ta mutu. In ya zubar da madara, in miƙa masa tsumma ya goge. In ya yi abin kirki in faɗa masa ainihin abin da ya yi, kamar "na ga ka jera takalmanka da kanka", maimakon in jira sai ya yi laifi kafin ya ji muryata. A kanti kuma akwai al'adarsu ta shan alawa ranar Asabar kaɗai. Wata Laraba ya kwanta a ƙasa yana birgima a gaban akwatunan alawa. Na tsuguna na ce na san kana so, kuma ranka ya ɓaci, amma yau Laraba. Ya yi kukansa ya gaji, muka fita ba alawa. Masu sayayya suka riƙa ratse mu suna wucewa, ba wanda ya harare ni. Masu cewa tarbiyyar Turawa sakaci ce su lura: a'a ɗin tana nan daram, hannun ne kawai aka cire.

Da na ba Inna labari a waya, cewa ta yi, "To, kin zama Baturiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu da muka dake ku me ya same ku?" Ban iya ba ta amsa ba, don kunya, amma a nan zan faɗa. Abin da ya same mu shi ne mun iya ɓoye laifi, mun iya rantsuwa kan ƙarya tun muna ƙanana, kuma da yawanmu har muka yi aure ba mu taɓa kai wa iyayenmu wata damuwa ta zuci ba. Zancen zama Baturiya kuwa, ina Anas ɗan Malik, da ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "uf" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ba? Ina Umar ɗan Abu Salama, da hannunsa ke yawo cikin akushi, aka ce masa yaro, ambaci sunan Allah, ka ci da dama, ka ci na gabanka? Gajerun umarni uku, duk na abin da zai yi ne, babu tsawa, kuma ya ce haka ya ci gaba da cin abincinsa daga ranar. Na san za a kawo mini hadisin umartar yara da salla a shekara bakwai da dukan su a kanta a shekara goma. Na yarda da shi. Amma salla aka ce, shekara goma aka ce, bayan shekara uku ana lallashi. Nawa ɗan shekara huɗu ne, laifinsa kuma hula.

Ba na cewa komai nasu daidai ne. Har gobe raina na sosuwa idan yaron maƙwabta ya wuce ni a matakala ko kallo, balle gaisuwa. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wadda ta haifi uku, amma sai a yi wata ba wanda ya leƙo ta. Wannan kam mun fi su nesa ba kusa ba. Sai dai ban yarda bulala ce ta koya mana gaisuwa ba. Mun koya ne don mun buɗi ido mun ga iyayenmu na durƙusa wa nasu iyayen kowace safiya.

Kuma akwai abin da na kasa gaya wa matan nan biyu na ma'aikatar jin daɗin jama'a, don ban san ta inda zan fara ba. A gidanmu na Zariya duka ba shi kaɗai yake tafe ba, da ceto yake tafe. Inna na ɗaga muciya, ƙafata na ɗakin kakarmu. In shige bayanta in ƙanƙame zanenta, ita kuwa ko motsi ba ta yi daga kan tabarma, sai dai ta ce, "Ke, bar mini ita, na karɓi laifin." Shi ke nan magana ta mutu, har in samu ɗan guntun ƙuli-ƙuli daga cikin kwallarta. In ba ta nan akwai Goggo, akwai matar Baffa, akwai maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga ta ce a yi haƙuri albarkacinta. Ita kanta Inna ceton ya yi mata rana, don kafin ta kai hannu sau biyu an riƙe ta, an ɗauke mata yaron zuwa wani ɗaki har ta huce. Ni na ɗauko ranƙwashin na tsallako da shi teku, na baro masu ceton a gida. A hawa na biyar, ƙofa a kulle, duhu tun la'asar, Abban yara na wurin aikin dare, in na fusata ina yaron nan zai gudu? Shi ya sa ya koyi kare kansa da hannunsa.

Gwamnatin nan tana ba iyaye hutun haihuwa na kwana 480 su raba tsakaninsu, tana ba kowane yaro krona 1,250 na kuɗin ƙasar duk wata, tana karɓar reno tun yaro na shekara ɗaya. Na gode, kuma na san wannan hutun na cikin abin da ke sa su iya haƙuri da yara. Amma a cikin duk wannan babu tsohuwar da za ta zauna kan tabarma a tsakar gida. Autana bai taɓa kwana a ɗakin kaka ba. Bai san ana tsokanar kaka a ce mata matata ba, bai san ɗumamen tuwon da ake ɓoye wa jika ba. Inna a fuskar waya kawai ya san ta, in ta yi masa kirari sai ya juyo ya tambaye ni me take cewa.

Sau biyu muna nema mata bizar ziyara ba a dace ba. Mun sake haɗa takardu, muna so ta zo a watan Yuni, lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe goma na dare ba ta faɗi ba, don sanyin nan ba za ta iya shi ba. Na riga na gaya mata cewa in ta zo ba a taɓa yaro a nan, ko da wasa. Ta yi shiru, sannan ta ce ita da za ta zo ceto, wa ya ce mini duka zai kawo ta.